Ɗigo a Ƙarƙashin Afrilu

Reza ta riga ta ci rabin bakin fensirin lokacin da hasken safe ya leƙo ta saman tagar ɗakin kati. Uwar Kati ba ta ɗaga kai ba. Tana juya fensirin tsakanin yatsu uku, tana fere shi a hankali, ɓawon yana faɗawa cikin murfin wani tsohon gwangwani da ta ajiye don wannan aiki kaɗai. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kowace safiya, kafin ta buɗe wa masu layi taga, sai ta fiƙe fensir ɗaya har bakinsa ya koma kamar allura. An sha kawo mata ɗan abin fiƙewa na roba. Takan karɓa, ta yi godiya, ta jefa shi aljihun tebur wurin 'yan uwansa. A ganinta, wanda ya kasa fiƙe fensir da hannunsa bai kai a ba shi amanar sunan mutum ba.

Yau fensirin ya daɗe da yin tsini, amma ba ta daina ferewa ba. A gabanta akwai kati guda, na 'yar ƙanwarta, tela ce, wadda kowa ke kira 'Yar Lema. A gidan da aka ware wa watan haihuwa an rubuta Oktoba da shuɗin biro, da hannun Uwar Kati kanta. Wannan kalma ɗaya ce ta tsaya tsakanin yarinyar da likita. Ƙarfe goma kuma za a yi taro a saman bene, inda za a tafa wa mutumin da ya jawo haka.

Ɗakin kati yana ƙarƙashin matakalar asibitin, inda ƙarar takalman masu hawa da sauka ke zubo wa mutum a ka tun safe har a tashi. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, cike da akwatunan ƙarfe, ɗakin yana warin tsohuwar takarda da maganin goge daɓe. Duk wanda ya shigo asibitin nan da ƙafarsa, ko aka shigo da shi a ɗauke, sai sunansa ya bi ta hannunta. Ta zo tana budurwa mai saurin rubutu, ta yi aure, ta binne miji, ta yi furfura, duk a kan kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa da aka tokare da tsohon littafin rajista. Ta ga likitoci da suka shigo da takalmi ƙafa ɗaya suka fita da mota biyu, ba wanda ya taɓa sanin launin bangon ɗakinta. Saura mako uku ta yi ritaya. An ma riga an sassaƙa allon yabon da za a miƙa mata, ta hango shi a ofishin Babban Likita an jingine shi bayan ƙofa: shekara talatin da ɗaya, babu kuskure ko ɗaya. Ba ta da gida na kanta, ba ta da ɗa na cikinta. Wannan allo shi ne abin da ta gina.

Bara ne Dokta ya iso. Ba irin likitan da ke taɓa jikin mutum ba ne, likitan lissafi ne, mai bincike. Turarensa kan riga shi isa wuri, takalminsa kuma dogon baki gare shi kamar kifin da ya yi fushi. Tambaya ɗaya ya zo da ita a jaka: shin watan da aka haifi mutum yana da hannu a kamuwarsa da ciwon dajin fata bayan ya girma? Ranar farko ya tsaya a bakin ƙofarta da hankici a hanci, kamar wanda aka aika makewayi.

"Mama, yau za mu tono katunan nan naki daga kabari."

"Ba su mutu ba, Dokta, barci suke. Ja kujera ka zauna in nuna maka yadda ake karanta su."

"Karatu kuma? Ai kwamfuta za ta karanta min su kafin ki gama hamma. Ke dai ba da makulli."

"Akwai abin da ke jikin kati wanda sai an..."

"Mama," ya ce, yana murmushin da ake yi wa mai ruɗewar tsufa, "adadi nake nema, ba tatsuniya ba."

Daga ranar ta ja bakinta ta ɗinke.

A yi masa adalci, ya yi aiki, irin aikin da jaki kan yi idan an ɗora masa littattafai. Ya sa mata biyu masu buga kwamfuta suka kwashe wata huɗu suna kwafe katuna. Ya ware duk wanda aka tabbatar da dajin fata a jikinsa, kusan mutum dubu biyu, ya raba su gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Don kada a ce tsautsayi ne, ya ɗebo wasu dubu biyu da suka zo da karaya, waɗanda ciwonsu ba ruwansa da rana, su ma ya raba su haka don ya gwada. Ya tace maza daban, mata daban. Ya cire tasirin shekaru, ya cire na sana'a, ya raba masu aikin rana da masu aikin inuwa, ya raba zabiya da wanda ba zabiya ba. Duk ta inda ya juya lissafin, masu karaya sun bazu daidai a watanni kamar an shuka su da igiya, masu dajin fata kuwa sun taru sun yi tsauni a kan wata guda: Afrilu. Ya tambayi kwamfuta komai. Abu ɗaya ne bai tambaya ba: wa ya rubuta watan, kuma daga bakin wa ya ji?

Amsar tana zaune ƙarƙashin matakala tana fiƙe fensir.

Ga yadda abin yake. Tun zuwanta aka kafa mata doka cewa ba a barin gidan watan haihuwa fayau, duk katin da aka bari haka za a dawo da shi. Amma cikin manya goma da ke tsayawa a tagarta, da kyar uku suke da takardar haihuwa. Sauran sai su ce, "An ce shekarar da gada ta karye," ko "Ni da ɗan maƙwabcinmu kwana bakwai ne tsakani," ko su yi dariya su ce, "Ke ma dai, Uwar Kati, ina wurin ne da zan riƙe?" Sai ta yi wa kanta ƙa'ida. Wanda bai san watansa ba, ta ba shi watan da ya zo asibiti a cikinsa. Amma don kada ƙarya ta zauna kafaɗa da kafaɗa da gaskiya ba shaida, duk watan da ta ƙirƙira sai ta ɗiga masa ɗigon fensir a ƙarƙashi, ƙarami kamar kashin ƙuda. Biro na hukuma ne, fensir nata ne.

Haka aka tafi shekara takwas, har Auta ta rasu.

Auta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Zabiya ce, fara sol kamar audugar da aka ɓare yanzu, idanunta suna rawa a cikin haske kamar ruwa a kwano. Ranar da aka haife ta mahaifinsu ya rubuta watan da gawayi a bayan ƙofa, Afrilu, kuma ba a taɓa shafe wurin ba. Wankau take yi, wanki da shanya tun hantsi har la'asar, rana tana cin wuyanta a hankali, ba ta gaggawa. Wani ɗan ɓawo ya fito mata a bayan wuya, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ɓare, ya dawo, ya ɓare, ya dawo da faɗi. Kafin a kai ga likita ya zama gyambo mai baki. Ta tafi tana da shekara ashirin da tara, ta bar 'ya mai shekara huɗu, fara kamar ita.

Mako biyu bayan haka wani manomi ya tsaya a taga da irin wannan gyambo a goshi. Bai san watansa ba. Hannun Uwar Kati ya rubuta Afrilu kafin zuciyarta ta ba shi izini. Ta ɗiga ɗigo. Tun daga ranar, shekara ashirin da uku, duk wanda ya zo da mikin fata da ya ƙi warkewa kuma bai san watansa ba, sai ta ba shi watan Auta. Ba ta taɓa kiran abin da wani suna ba. Ta dai san cewa a duniyar da ta manta da ƙanwarta kafin wankin da ta shanya ya bushe, akwai ɗaki guda da ake rubuta watanta kusan kowace rana.

Masu buga kwamfuta ba su kwafi ɗigo ba. Wa zai kwafi kashin ƙuda?

Ta san abin da Dokta zai samo tun kafin ya samo shi, kuma a nan ne nata laifin yake, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta zuba masa ido yana gini a kan iska, tana jin daɗi. Idan ya wuce ta kan matakala yana gaya wa wani a waya cewa ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba, sai ta yi tsaki ta ci gaba da jera kati. Ta ɗauka abin zai ƙare a takarda, a ɗaure shi da kyakkyawan bango, ƙura ta ci shi kamar sauran.

Sai ga shi bai ƙare a takarda ba. Asibitin ya buɗe wani sabon ɗakin duba fata na ranar Laraba, inda ake yankar ɗan nama a gwada cikin mako guda maimakon wata takwas. Wurin kaɗan ne, mutum ashirin a mako. Da aka rasa yadda za a zaɓa, Dokta ya miƙe da jadawalinsa: a fara da 'yan Afrilu, sauran su jira baɗi. Aka amince, don zane mai launi ya fi fuskar majiyyaci saurin shiga ran mai mulki.

Jiya da yamma 'Yar Lema ta tsaya a taga, lemarta a naɗe a hammata, zaren ɗinki manne a gefen mayafinta.

"Inna, sun koro ni. Wai ni Oktoba ce."

"Ina tsaye aka yanke miki cibiya, ai na fi su sanin ke Oktoba ce. Juyo in gani."

Ta juya. A saman kunnen dama, inda mayafi kan zame, ga ɗan ɓawo, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wata uku ke nan yana ɓarewa yana dawowa.

"To ki mayar da ni Afrilu mana, Inna. Makulli a hannunki, biro a hannunki. Wa zai sani? Wancan mai takalmin bakin kifi? Shi da ko an sa masa sunansa a juye sai ya sa hannu."

"Rufe min baki, mara kunya."

"Ai kunyar ce ta sa ban roƙe ki tun tuni ba. Kunnen nan fa shi nake maƙala wa allin ɗinki. In suka yanke shi, a hanci zan riƙa sawa?"

Ta yi dariya, amma yatsunta suna murza igiyar lemar har suka yi ja. Uwar Kati ta san wannan dariyar. Ta taɓa jin ta a bakin wata, a gaban bahon wanki.

Shi ya sa yau ga katin a gabanta, ga kuma sabo fil a gefe, ba a rubuta komai a kai ba. Aikin minti biyar ne. Ta cike sabon, ta yaga tsohon, ta hau ta ce wa mai kwamfuta an sami gyara. Laraba mai zuwa a duba yarinyar, bayan mako uku a miƙa mata allonta, kowa ya kwana lafiya. Har ta cire murfin biro.

Sai ta tuna magini mai takardar Yuli da aka mayar gida makon jiya da miki a leɓe, da mai sayar da kifi 'yar Disamba. Su ba su da inna a ƙarƙashin matakala. Amma in za a faɗi gaskiya, ba tausayinsu ne ya tsayar da hannunta ba. Abin da ya tsayar da shi shi ne ta hango tsaunin Afrilu na Dokta ya ƙaru da mutum ɗaya, kuma ita ce ta ɗauko bulon a ka ta kai masa. Wannan kam maƙogwaronta ya ƙi haɗiyewa.

Ta mayar da murfin biro. Ta zaro akwatin ƙarfe guda daga kanta ta uku, ta saka katunan magini da mai kifi a samansa, ta ɗora shi a ƙugu kamar goyon da ya yi nauyi, ta kulle ɗaki, ta wuce 'Yar Lema da ta dawo tana zaune a kan bencin masu jira, ta fara hawa matakalar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana sauraro daga ƙasa.

Ɗakin taron yana da sanyin na'ura da labule masu kauri. An kashe fitilu, majigi yana haska bango. Ga ginshiƙai goma sha biyu a jere, sha ɗaya gajeru kamar yaran makaranta, na huɗu ya miƙe shi kaɗai kamar tankin ruwan unguwa. Dokta yana tsaye da ɗan sanda mai jan haske, yana bayani da muryar wanda ya riga ya ji tafin a kunnensa.

"Jaririn Afrilu, ranku ya daɗe, yana buɗe ido ne rana tana kan ganiyarta. Fatarsa ba ta yi ƙwari ba take shan wuta. Kuma fata ba ta mantuwa. Bayan shekara arba'in sai ta tuna."

"Fata ba ta mantuwa," wani ya maimaita daga baya, yana rubutawa.

Akwatin ya sauka a kan tebur da ƙara. Kofunan ruwa suka yi tsalle.

"Mama, taro ake," in ji Dokta. "In sa hannu kike nema, ki jira a waje."

"Sa ido nake nema. Ranka ya daɗe," ta juya ga Babban Likita, wani dattijo mai tabarau a goshi da ya san ta tun yana ɗalibi, "a kunna fitila."

Aka kunna. Ta zaro kati ɗaya ta miƙa wa Dokta.

"Karanta watan."

"Afrilu."

"Me ke ƙarƙashinsa?"

Ya kai katin kusa da hanci, ya janye. "Datti."

"Wannan fa? Wannan fa? Shi ma datti ne? Ƙudan ɗakina sun yi makaranta ke nan, tunda ba sa kashi sai a ƙarƙashin wata."

Wani ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Sai ta faɗa musu, a tsaye, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba. Dokar gidan da ba a bari fayau. Masu karaya da ta ba watan zuwansu, shi ya sa suka bazu masa daidai har yana alfahari da su. Masu miki da ta ba Afrilu. Ba ta ambaci Auta ba sai da Babban Likita ya tambaya a hankali, "Me ya sa Afrilu, Uwar Kati?" Ta ce, "Watan ƙanwata ne," ta tsaya a nan.

Fuskar Dokta ta yi kamar tuwon da aka manta a rana. "Wannan ai zagon ƙasa ne! Shekara guda na yi a kan aikin nan. Na bi kowace ƙa'ida. Na tace shekaru, na tace sana'a..."

"Ka tace komai, ɗana, ruwan ne dai ba ka leƙa rijiyarsa ba. Na ce ka ja kujera, ka ce tatsuniya ce. Da ka zauna minti goma da na ce maka: ware masu takardar haihuwa gefe guda, masu ɗigo gefe guda, ka ƙirga na farkon kaɗai. In Afrilunka ya tsaya bayan haka, ni zan fara tafa maka."

"Su nawa ne masu ɗigon?" in ji Dokta.

"Kai ne mai adadi."

Babban Likita ya sauko da tabaransa daga goshi, ya ɗauki kati uku, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, ba Dokta ya kalla ba.

"Kin san abin da wannan ke nufi gare ki? Shekara ashirin da uku kina rubuta abin da ba haka ba a takardar asibiti. Kuma wata nawa kina kallo ana gina jerin Laraba a kai, kika yi shiru. Dole a rubuta miki takardar tuhuma. Allon nan kuma..."

"Na gan shi a bayan ƙofarka, ranka ya daɗe. Katakon mai kyau ne. A ba masu kicin su riƙa yanka albasa a kai."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta, siriri, kamar zaren da aka ja ya wuce iyaka, ta bar shi ya tafi.

"An soke jerin Afrilu daga yau," in ji Babban Likita, yana murza idanu. "To amma wa za mu fara kira ranar Laraba? Wuri ashirin ne."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, manyan riguna farare, alƙaluma masu tsada a aljihu, mutanen da sai an haska musu bango kafin su ga abin da ke zaune a baranda.

"Mai mikin da ya ƙi warkewa. Ba sai an tambayi uwarsa yaushe ta yi naƙuda ba. Akwai magini mai ciwo a leɓe, akwai mai kifi, katunansu na saman akwatin nan. Akwai kuma wata a kan benci a ƙasa yanzu haka, da lema a hammata. Kunnen dama, daga sama."

Babban Likita ya jawo takarda ya rubuta layi uku, ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya da ke kusa da ƙofa. "A fara da su."

Uwar Kati ta kwance makullan ɗakin kati daga bakin zanenta, ta ajiye su a kan akwatin. Sannan ta zaro fensirin daga bayan kunne, tsininsa yana ƙyalli, ta ɗora shi a gaban Dokta, wanda ya riga ya zauna, ya sunkuya kan wani kati yana ƙanƙance ido.

"Riƙe wannan. Akwatuna ɗari da sha huɗu ne a ƙasa. Kujerar tana da gurguwar ƙafa, kada ka cire littafin da ke ƙarƙashinta."

Bai ɗago ba. A bango, cikin hasken fitila, dogon ginshiƙin Afrilu ya koɗe har da kyar ake ganinsa. Ta tsaya ta dube shi sau ɗaya, ta gyara mayafinta a kafaɗa, ta ja ƙofa ta fita.